Matsin Lamba a Tamaula: Daga Kyiv Zuwa Ɗakin Jinya

Kafin shekarun 1960, idan ƙwallo ta kuɓuce wa ɗan gaba, aikinsa ya ƙare sai ta dawo. Zai tsaya ya riƙe ƙugu yana maida numfashi, 'yan baya su ja su tare bakin raga, wanda ya ƙwace kuma ya samu sarari ya ɗaga kai ya zaɓi wanda zai miƙa wa. Ba lalaci ba ne. A gasar Ingila ba a yarda da canjin ɗan wasa ba sai a 1965, shi ma mutum ɗaya tak, kuma sai in rauni ya ji. Kafin nan, wanda tsokarsa ta tsage sai a tura shi gefen fili ya ƙarasa wasan yana ɗingishi. Mutum goma sha ɗaya da suka san babu mai karɓarsu dole su yi tattalin ƙarfinsu. Ko a 1976, da Tom Reilly da abokin aikinsa suka bi 'yan wasan Everton suna auna tafiyarsu, abin da suka samu bai cika kilomita 9 a wasa ba.

Wanda ya fara rushe wannan zaman lafiyar wani dattijo ne ɗan Rasha, Viktor Maslov, da ya karɓi Dynamo Kyiv a 1964. Ya janye 'yan gefe biyu ya cusa su tsakiya, ya hana yaransa bin mutum ɗaya ɗaya, ya ce kowa ya tsare yankinsa, kuma duk wanda ya karɓi ƙwallo a taru a kansa kafin ya ɗaga kai. Dynamo ta ci gasar Tarayyar Sobiyet sau uku a jere, 1966, 1967 da 1968. Cikin waɗanda sabon tsarin ya kora akwai wani ɗan gefen hagu gwanin bugun kwana, mai son riƙe ƙwallo, Valeriy Lobanovskyi. Shi ne kuma ya dawo kociya a ƙarshen 1973 ya kai abin inda Maslov bai kai ba.

A kan Lobanovskyi nake so in daɗe, domin duk gardamar da ake yi yau shi ya riga kowa shiga cikinta. Injiniyanci ya karanta, kuma ya ɗauko masanin kimiyya, Anatoliy Zelentsov, suka zauna suna lissafin nawa jiki zai iya ɗauka, yaushe za a ƙara masa kaya, yaushe za a sauke. Matsin nasa ma hawa uku ne. Akwai cikakke, wanda ake bin abokin karawa har bakin ragarsa. Akwai rabi, wanda ake jira sai ya tsallako tsakiya. Akwai kuma na yaudara, inda mutum ɗaya zai taso kamar da gaske, sauran suna tsaye suna hutawa, mai ƙwallo ya firgita ya yar da ita. Wato mutumin da aka fi dangantawa da gudu ya san ba a yin gudun nan minti 90, har ya gina hutu a cikin wasan kansa. Ga shi kuma gasarsu a tsakiyar shekarun 1970 ƙungiya 16 ce, wasa 30, ana farawa da bazara a gama kafin ƙanƙara ta rufe filaye, sannan a yi watanni ana shirin kaka mai zuwa.

A 1975 Dynamo ta ci kofin Turai na masu riƙe da kofin ƙalubale, ta doke Ferencváros 3-0, sannan ta doke Bayern Munich gida da waje, Oleg Blokhin ya ci duka ƙwallaye ukun. Shekara ɗaya bayan haka lissafin ya ƙwace. An ɗora wa 'yan wasan nan aikin ƙungiya da na ƙasa gaba ɗaya, aka tsananta atisaye saboda wasannin Olamfik na Montreal, suka je da ƙafafu masu nauyi suka dawo da tagulla. Da dawowarsu suka yi wa masu horar da su bore. Lobanovskyi ya tsira da kujerarsa, abokin aikinsa Oleh Bazylevych ya tafi. Tun a 1976 ke nan jiki magayi ya faɗi nasa, a gidan da aka fi ko'ina iya auna shi.

Duniya kuwa a rigar Holan ta fara ganin abin da idonta. Rinus Michels ya gina shi a Ajax, ya kai shi gasar cin kofin duniya ta 1974. Wanda bai taɓa kallon wasansu da Uruguay a Hanover ba ya nema ya kalla. Ɗan Uruguay zai tare ƙwallo a wajen tsakiyar fili, kafin ya juya sai ga mutum biyar ko shida cikin riguna ruwan lemo sun taso masa a guje a lokaci ɗaya, abokansa da ke gaba duk sun faɗa satar gida, shi kuma ya rasa inda zai sa ƙafa. An tashi 2-0, kuma da an ci shida ba wanda zai yi mamaki. Daga nan sai Arrigo Sacchi, tsohon mai tallar takalma da AC Milan ta ɗauko daga Parma a 1987. Shi ya ce tsakanin mai tsaron baya na ƙarshe da ɗan gaba na farko kada ya wuce mita 25, kuma yakan sa manyan taurari su yi atisaye babu ƙwallo, yana nuna musu inda take a baki, suna matsawa tare. Hikimar a nan ita ce idan kun matsu wuri ɗaya, gudun kowa gajere ne. Milan ta ci kofin Zakarun Turai a 1989 da 1990, amma gasar Italiya sau ɗaya kawai ta ci a hannunsa, kuma zuwa 1991 zaman ya yi tsami tsakaninsa da 'yan wasan da suka gaji da takurarsa, Marco van Basten a gaba. A riƙe wannan adadin: a zamanin Sacchi wasa tara ke kai ƙungiya ga kofin Turai.

Hanyar da abin ya bi ya shiga Jamus ta fi kowacce ban sha'awa a wurina. A shekarun 1980 Dynamo ta Lobanovskyi ta je atisayen hunturu kusa da Stuttgart, ta buga wasan sada zumunta da wata ƙaramar ƙungiya, Viktoria Backnang. Kociyansu, wanda shi ma yana cikin fili, saurayi ne mai suna Ralf Rangnick. Ya sha ba da labarin cewa ana cikin wasa ya tsaya ya ƙirga 'yan Dynamo, don ya ɗauka sun fi goma sha ɗaya. Shi ne daga baya ya kafa agogo a filin atisayen Hoffenheim: daƙiƙa takwas a ƙwato ƙwallo, daƙiƙa goma a kai hari. A Mainz kuma Wolfgang Frank ya zo a 1995 yana nuna wa yaransa kaset ɗin Milan ta Sacchi har su gaji da kallo. Cikin masu kallon akwai wani dogon mai tsaron baya, Jürgen Klopp. Da ya zama kociya ya ƙara nasa: daƙiƙun farko bayan an ƙwace maka ƙwallo su ne lokacin da abokin karawa ya fi rauni, don haka a nan za a afka masa. Da wannan Borussia Dortmund ta ci gasar Jamus a 2011 da 2012.

Ni mai son wannan salon ne, ba na ɓoyewa. Babu abin da ke tayar da ni daga benci a gidan kallo kamar in ga an ƙwace ƙwallo a bakin ragar abokan karawa. Amma son abu ba ya hana a duba abin da yake ci, kuma sai an matso kusa ake gani. Mai tsaron baya ya miƙa wa na gefe ƙwallo kusa da layi. Wannan ce alamar. Ɗan gaba ya fizga a guje mita goma ko goma sha biyar, ya taka birki da ƙarfi don kada a yanke shi, ƙwallo ta koma baya, ya juya ya sake fizga. Na bayansa ma haka, na bayan wancan ma haka, domin idan mutum ɗaya ya makara da taku biyu, an buɗe ƙofa kuma gudun sauran ya tashi a banza. Su kuwa 'yan baya suna tsaye a layin tsakiya, fili fetal a bayansu. Duk ƙwallon da aka ɗaga ta wuce kansu, tseren mita talatin ko arba'in ne da ɗan gaba mafi sauri. A irin wannan tseren ne Micky van de Ven na Tottenham ya dafe bayan cinyarsa a wasansu da Chelsea a Nuwamban 2023, bai dawo ba sai Janairu.

Jimillar kilomita ba ita ke kayar da ɗan wasa ba. Wani bincike da Paul Bradley da abokan aikinsa suka yi a kan gasar Firimiya daga kakar 2006-07 zuwa 2012-13 ya nuna jimillar tafiya kusan ba ta canza ba, amma gudu mai tsanani ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin ɗari, yawan fizgar gudu kuma da kusan kashi 85. Tsokar bayan cinya ce ke biyan wannan. Idan mutum yana iyakar gudunsa, ƙafarsa na wurgawa gaba, kuma dab da ta taɓa ƙasa wannan tsokar ce ke riƙe ta, tana miƙewa tana ja a lokaci guda. Idan ta gaji sai riƙon ya gagara, zaren naman ya tsage. Shi ya sa raunin ya fi zuwa a ƙarshen kowane rabin wasa, kuma kamanninsa ɗaya ne ko'ina: babu wanda ya taɓa shi, sai ka ga ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, hannu ya tafi bayan cinya, ɗaya hannun ya ɗaga wa benci. Farfesa Jan Ekstrand na Suwidin, wanda ke tattara wa hukumar ƙwallon Turai bayanan raunuka tun 2001, ya samu cewa a farkon aikin wannan rauni kashi 12 ne cikin ɗari na duk raunukan manyan ƙungiyoyi. Zuwa kakar 2021-22 ya kai kashi 24.

Alƙaluman Ekstrand sun haɗa kowace irin ƙungiya, mai matsi da mai jira a gida. Binciken da ya fi tsaya min a rai shi ne na Gregory Dupont a 2010. Ya bi 'yan wasan wata babbar ƙungiya kaka biyu, ya kwatanta makon da aka buga wasa ɗaya da wanda aka buga biyu. Gudunsu bai ragu ba ko kaɗan. Raunuka ne suka ninka kimanin sau shida, daga 4.1 zuwa 25.6 a kowace awa dubu ta wasa da atisaye. Ma'ana ɗan wasa zai fito ranar Laraba ya ba ka duk gudun da ya ba ka ranar Asabar, kwamfutar kociya ta nuna komai lafiya, alhali bashi yake ci a jikinsa, kuma ba shi ke zaɓar ranar biya ba. Duk lokacin da na ji wani a gidan kallo yana cewa wane rago ne, kullum yana jinya yana cin kuɗin banza, wannan binciken nake tunawa, kuma raina yakan ɓaci. Sau da yawa wanda ya ƙi rage gudu ne ke kwance.

Da wannan idon ya kamata a kalli abin da ya samu Klopp a Ingila. Ya karɓi Liverpool a Oktoban 2015, kaka ta riga ta yi nisa, bai samu ko mako ɗaya na shirin share fage ba. A wasansa na farko, da Tottenham, yaransa suka yi gudun kilomita 116, aka tashi babu ci. A Jamus ƙungiya 18 ce, wasa 34, kofin ƙalubale ɗaya, da hutun hunturu. A Ingila wasa 38 ne, kofi biyu, kuma lokacin da Jamusawa ke hutawa shi ne lokacin da ake buga wasa duk bayan kwana biyu ko uku. Ranar 5 ga Janairun 2016, a filin Stoke, Philippe Coutinho da Dejan Lovren suka fita tun kafin hutun rabin lokaci, dukansu bayan cinya. Kwana uku bayan haka Klopp ya je Exeter da yara matasa don babu manyan da zai sa. Wani kociya a gasar, Sam Allardyce, ya fito ya ce baƙon bai fahimci tsananin gasar Ingila ba. A ganina ya faɗi rabin gaskiya. An ƙara wa jiki kaya farat ɗaya ba tare da an shirya shi ba, wannan laifin kociya ne. Amma Klopp ya gyara. A 2016 ya ɗauko Andreas Kornmayer mai kula da ƙarfin jiki da Mona Nemmer mai kula da abinci daga Bayern, kuma Liverpool da ta ci Firimiya a 2020 da maki 99 ta iya riƙe ƙwallo ta huta da ita, ta zaɓi lokacin da za ta taso. Darasin Lobanovskyi ne ya dawo.

Marcelo Bielsa shi ne bai taɓa yarda ya sassauta ba, kuma shi ya fi ba ni tausayi, don babu kociyan da nake girmamawa kamarsa. 'Yan Najeriya sun san shi tun 2002, lokacin da Ajantinarsa ta ci Super Eagles 1-0 da kan Batistuta, sannan ta kasa fita daga rukuni. A Maris na 2012 Athletic Bilbao tasa ta je Old Trafford ta ci Manchester United 3-2, ta sake cin ta a gida. Zuwa watan Mayu ƙafafun sun mutu: Atlético Madrid ta ci su 3-0 a wasan ƙarshe na Europa, Barcelona ta ci su 3-0 a na kofin Sifaniya. Marseille tasa ita ce ta ɗaya a Faransa a Disamban 2014, ta gama ta huɗu. A Leeds yana da wani atisaye na tsakiyar mako da 'yan wasan suka yi wa laƙabi da wasan kisa: goma sha ɗaya da goma sha ɗaya, babu busa, ƙwallo na fita ma'aikata sun jefo wata, kociyoyi na gefe suna ihu. Magoya bayansa za su ce da wannan ya dawo da Leeds Firimiya a 2020 bayan shekara 16, kuma a kaka ta gaba suka gama na tara, suka ci wasanni huɗu na ƙarshe a jere. Gaskiya ne. Sai dai Leeds ba ta buga gasar Turai a lokacin, wasa ɗaya take yi a yawancin makonni. Kuma Bielsa da kansa ya zaɓi ya riƙe 'yan wasa kaɗan, don haka mutanen nan su ne dai kaka ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A ta huɗu, a wasa ɗaya da Brentford a Disamban 2021, Kalvin Phillips da Liam Cooper da Patrick Bamford duk suka samu rauni a bayan cinya, shi Bamford ma garin murnar ƙwallon da ya farke ne. Mako biyu bayan haka akwai yaro ɗan shekara 15 a bencinsu. A Fabrairun 2022 aka zura musu ƙwallo 20 cikin wata ɗaya, aka sallame shi.

Akwai rigakafin da ba ya buƙatar ko sisi, kuma ina fata masu horar da yaranmu a filayen unguwa su riƙe shi. Ɗan wasa ya durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa sunkuyowa gaba a hankali, jiki a miƙe, yana riƙe kansa da bayan cinya har sai ya kasa ya tare da hannu. An gwada shi a Denmak a kan 'yan wasa 942, aka wallafa sakamakon a 2011, raunin ya ragu da fiye da rabi. Duk da haka, da aka tambayi manyan ƙungiyoyi bayan 'yan shekaru, kusan ɗaya cikin goma ne kawai ke yin sa yadda aka tsara. Yana sa ciwon jiki a kwanakin farko, kuma mai wasa duk bayan kwana uku ba shi da ranar da zai ba ciwon jiki.

Nan ne nake ganin babban laifin yake, wurin masu tsara jadawali. An ƙara yawan canji zuwa biyar tun 2020, abin da ya taimaka, amma kociyoyi da yawa sun mayar da shi hanyar ƙara wuta: sabbin ƙafafu biyar su shigo, shida da suka rage su bi su a haka. Ɗan wasan Afirka kuma nasa ya fi nauyi. Sadio Mané ya buga wasan ƙarshe na Zakarun Turai ranar 1 ga Yunin 2019, ya buga na kofin Afirka a Alƙahira ranar 19 ga Yuli, ranar 9 ga Agusta yana fili a Anfield. Jikinsa ya ɗauka. Na Naby Keïta, wanda ya taso a makarantar matsi ɗaya da shi a Salzburg, bai ɗauka ba, kuma shekarunsa biyar a Liverpool jinya ta cinye babban rabonsu. A Satumban 2024 Rodri na Manchester City ya ce 'yan wasa sun kusa shiga yajin aiki saboda yawan wasanni. Cikin mako guda jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa da Arsenal.

Ƙungiyar da ta fi kowa iya matsi a 'yan shekarun nan ita ce Paris Saint-Germain ta Luis Enrique, wadda ta ci Inter 5-0 a wasan ƙarshe na Zakarun Turai ranar 31 ga Mayun 2025. Wanda ya kalla zai tuna Ousmane Dembélé a sunkuye a bakin da'irar gola, ido a kan mai tsaron raga, yana jiran a taɓa ƙwallo ya fizga. Kofin da Sacchi ke ci da wasa tara, su sai da suka buga 17. Daga nan suka wuce Amurka gasar ƙungiyoyin duniya, suka buga wasan ƙarshe da Chelsea ranar 13 ga Yuli, wasansu na 65 a kakar. Ranar 13 ga Agusta suna fili da Tottenham, bayan atisayen kimanin mako guda. Ranar 5 ga Satumba, a wasan Faransa da Yukren, Dembélé ya shigo bayan hutun rabin lokaci ya karɓi abokinsa Désiré Doué da ya ji rauni, shi ma bai ƙarasa wasan ba, bayan cinya ta kama shi. Ƙungiyar ta ce zai yi kimanin mako shida, ta kuma fito fili ta zargi hukumar ƙwallon Faransa da ƙin sauraron likitocinta. Ranar 22 ga Satumba aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasan duniya a Paris, yana tsakiyar jinya.